Lada Tukuna, Sannan Tukwici

A bara ne muka tashi daga gidan hayar da muka yi shekara 6 a cikinsa a Hashimi, muka koma wani gidan da ba shi da nisa. Na kira samari 4 masu lodi domin su kwashe mana kaya. Suka dubi gado da kujeru da firiji da buhunan hatsi, suka ce a ba su naira dubu 20. Ni kuwa na ɗaure fuska na yi ta ja da su, har na ce in ba su yarda ba, ga wasu can bakin titi suna jira. A ƙarshe suka sallama a kan dubu 12. Tun da hantsi suke aiki, ba su gama ba sai da rana ta yi sanyi. Da na ga yadda gumi ya jiƙe musu riguna sai tausayi ya kama ni, na ƙara musu dubu 2, na ce su sha ruwa. Suka yi godiya suka tafi, ni ma na shiga gida ina ganin na yi abin kirki.

Da dare na ba maiɗakina labari. Ta yi shiru, can ta ce, "Maigida, ai daga cikin dubu 8 ɗin da ka danne musu ne ka mayar musu da 2. Sauran 6 ɗin fa?"

Ban sami amsar da zan ba ta ba. Tambayarta ce ta sa na zauna na yi tunani a kan wannan ɗan abin da muke miƙa wa masu yi mana hidima: yarinyar da ke kawo mana abinci a gidan sayar da abinci, ɗan dakon da ke biyo mu da buhu a ka, mai baro, ɗan garuwa, da mai babur da ke kawo mana saƙo har ƙofar gida. Shin wajibi ne? Kyauta ce, ko kuwa bashi ne muke biya ba mu sani ba?

Garin da ke rayuwa da ƙarfin wasu

Tambayar ta shafi mutanen Suleja ƙwarai. Garin nan shi ne Abuja ta asali. Bayan da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin ƙasa a 1976, sai birnin ya ɗauki sunan, garinmu kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaura daga Legas a watan Disamba na 1991, ma'aikatan da kuɗin hayar birnin ya fi ƙarfinsu suke ta sauka a nan. Da asuba su bi ta Madalla da Zuba su tafi aiki, da dare su dawo a gajiye. Wanda ya yini a waje haka, dole wani ya ɗebo masa ruwa, wani ya dafa masa abinci, wani ya ɗauko masa kaya daga kasuwar IBB. Kusan kowane gida a Hashimi yana jingine da ƙarfin wani ɗan talaka, ko da bai san sunansa ba.

Waɗannan bayin Allah kuwa babu wata inuwar doka da ta rufe yawancinsu. An ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa zuwa naira dubu 30 a 2019, aka mai da shi dubu 70 a watan Yuli na 2024. Amma dokar 2019 ta keɓe wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai mutum 25 ba, gidajen abincinmu kuwa ƙalilan ne suka kai haka. Shi ɗan dako ma ba ma'aikacin kowa ba ne, albashinsa shi ne abin da ni da kai muka yarda muka ba shi a ranar. Ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Takardar naira 20, mai ɗauke da hoton Ladi Kwali wadda ta yi suna da ginin tukwane a garin nan, a da takan faranta ran yaron da aka aika. Yau ko alewar kirki ba ta saye.

Abubuwa uku da muke cakuɗawa

Hausa tana da kalmomi dabam-dabam a kan abin da hannu ke miƙawa, kuma ba a banza aka bambanta su ba.

Na farko shi ne lada, wato kuɗin aiki. Lada bashi ne. Da zarar mutum ya sauke maka buhu, kuɗin nan ya tashi daga naka ya zama nasa, ko da yana cikin aljihunka tukuna. Littafi Mai Tsarki bai ɗauki wannan da wasa ba. Littafin Firistoci sura 19 ya hana a bar ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta umarta a biya shi kafin faɗuwar rana, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, domin shi matalauci ne, a kan kuɗin nan ya sa ransa. Wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta gargaɗi masu arziki cewa ladan da suka danne wa masu girbi yana kai ƙararsu gaban Allah.

Na biyu shi ne tukwici. Dukanmu mun san asalinsa tun muna yara. Ranar Kirsimati ko ranar Sallah, uwa takan zuba abinci a kwano ta aiki yaro ya kai wa maƙwabta, su kuma su ba yaron ɗan abin da ya samu. Ba kuɗin abincin suka biya ba, ba kuma an yi jinga da yaron ba ne. Sun nuna ne cewa sun ga alherin, sun kuma ga ƙafar da ta kawo shi. Shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukwici. Tukwici godiya ce da aka sa mata jiki, kuma bayan an gama aiki take zuwa.

Na uku shi ne toshiya, ko cin hanci. Ita kan riga aiki zuwa, ko kuwa ta tsare ƙofa ta ce ba za a wuce ba sai an ba ta. Sau da yawa takan ari sunan goro ko na shan ruwa domin ta ɓoye fuskarta. Littafin Fitowa sura 23 ya hana karɓarta, ya ce tana makantar da masu gani. Hanyar gane ta ba wuya. Tambayi kanka: in ban bayar ba, za a hana ni abin da yake haƙƙina? In na bayar, za a tsallake wani wanda ya riga ni? Idan amsar e ce, to, ka bar filin tukwici tuni.

Kuskurena a ranar tashinmu shi ne na ɗebi kuɗi daga na farko na zuba a na biyu. Na rage wa mutane haƙƙinsu, na mayar musu da kaɗan daga ciki da sunan alheri, har na karɓi godiya a kai. Wannan ya fi rowa muni, gama marowaci ya san shi marowaci ne, ni kuwa na kwanta ina ganin kaina mai kyauta.

Amma ai ciniki al'adarmu ce

Mai karatu zai iya cewa, "Malam, ai kowa ya san kuɗin farko da mai aiki ya faɗa ba shi ne na gaskiya ba. In ba ka taya ba, sai a mai da kai wawa. Mu ma fa albashin ba ya kai mu ƙarshen wata." Wannan magana tana da gaskiya, ba kuwa laifi ba ne mutum ya yi ciniki. Sai dai ciniki iri biyu ne. Akwai wanda ake yi domin a gano kuɗin da ya dace da aikin. Akwai kuma wanda ake yi domin an ga mutum ba shi da zaɓi. Lokacin da na ce wa samarin nan ga wasu can suna jira, ba nauyin firiji nake aunawa ba, yunwarsu nake aunawa. Sun sallama ne domin in sun ƙi, watakila su kwana ba su ci ba. Yardar mai jin yunwa ba ta wanke wanda ya matse shi.

Mu lura kuma da inda ƙarfin cinikinmu yake ƙarewa. A babban kanti a Abuja mukan biya abin da aka rubuta a jikin kaya ba tare da mun ce uffan ba. A gidan mai ma haka. Sai mun zo gaban mai baro ne muke tuna cewa kuɗi yana da wuyar samu. Idan tattalinmu a kan marasa ƙarfi kaɗai yake sauka, ya kamata mu sake ba shi suna.

Wani kuma zai ce yawan ba da tukwici yana ɓata ma'aikata, yana koya musu roƙo, yana kuma ba masu gidajen abinci dalilin ƙin biyan albashin kirki. Wannan tsoro ma yana da tushe. A Amurka, dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukwici dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai canza ba tun 1991, bisa sharaɗin cewa abin da masu cin abinci suka bari zai cike gurbin. Don haka a can barin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abinci ya zama kamar dole, tukwici ya rikiɗe ya zama lada. A Japan kuwa ba a saba bayarwa ba sam, ana ɗauka cewa kyakkyawar hidima tana cikin kuɗin da aka biya. Darasin da ke nan a gare mu shi ne, duk ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai gidan abinci ko shago kada ya ce wa yaransa, "Ai kuna samu a hannun baƙi." Abin da baƙo ya ba yarinya nata ne, albashinta kuma yana nan a wuyanka cif.

Yadda za a bayar

To, tukwici wajibi ne? Ba wajibi ba ne irin na lada, gama ba wanda zai kai ka ƙara in ba ka bayar ba. Amma akwai abubuwan da doka ba ta tilasta ba, waɗanda rashinsu ke nuna halin mutum. Gaisuwa ma ba doka ba ce.

Babu wani ƙayyadadden adadi a wurinmu, ba kuma sai mun aro na wata ƙasa ba. Abin dubawa shi ne wahalar da aka sha da kuma ƙarfin aljihunka. Wanda ya hau bene da buhun shinkafa, ko mai babur da ya kawo maka saƙo cikin ruwan sama, ya wuce a ba shi canjin da ya ragu kawai. A gidan abinci, miƙa wa wadda ta yi maka hidima a hannunta, kada ka bari a kan tebur inda ba ka san wanda zai ɗauka ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da yawanmu muka koma biya ta waya ko ta na'urar POS, kuɗin kuwa asusun mai gida yake shiga. Saboda haka yana da kyau mutum ya riƙa ajiye 'yan ƙananan takardu domin wannan.

Yadda aka bayar ma yana da nauyi kamar abin da aka bayar. A Littafin Rut sura 2, Bo'aza ya umarci masu girbinsa su riƙa zare zangarku daga dammuna su bar wa Rut ta tsinta, ya kuma hana su tsawata mata. Ya ƙara mata, bai kuwa kunyata ta ba. Kada mu jefa kuɗi, kada mu ɗaga shi sama domin na kusa su gani, kada kuma mu bi shi da dogon wa'azi. In aljihu ya bushe, akwai ruwan sanyi, akwai kwanon abinci, akwai kujera a inuwa, akwai "sannu da aiki" da aka faɗa ana duban idon mutum. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke aikin hidima, a gidan abinci ne ko a kan babur, ga taku. Ku yi wa wanda ba ya bayarwa aiki kamar yadda za ku yi wa mai bayarwa. Ranar da kuka fara jan ƙafa ga talaka kuna rawar jiki ga mai babbar riga, kun mai da tukwici toshiya da hannunku.

A ƙarshe, iyaye, mu tuna yaranmu suna kallo. Suna ganinmu ranar Lahadi mun sa baiko cikin murna, suna kuma ganinmu bayan an tashi sujada muna yi wa yarinyar gidan abinci tsawa a kan cokali. Mai ɗauko mana kaya sau da yawa ba addininmu ɗaya da shi ba, ba zai taɓa shiga majami'armu ya ji wa'azi ba. Abin da zai sani game da bangaskiyarmu shi ne yadda muka biya shi.

Bayan kwana biyu na sami ɗaya daga cikin samarin nan a bakin titi, na ba shi dubu 6 ya raba da 'yan'uwansa. Ya fara zuba godiya, na ce masa ya bari, wannan kuɗinsu ne da ya kwana a hannuna. Ubangiji ya ba mu zuciyar biyan haƙƙi cikakke, da hannun ƙarawa a kai. Amin.