Idon Yaro Amana Ne A Wuyan Wa?

 

Lokacin da talabijin ta fara aiki a ƙasarmu cikin shekarar 1964, don karantar da ƴan makaranta aka kawo ta. Ke nan tun farko an yarda yaro yana koyo daga abin da idonsa ya gani. To, akwatin da ya iya koya masa ƙirga, me zai hana shi koya masa shaƙe wuyan ƙanensa? A Amurka, cikin 1961, malamin jami'a Albert Bandura ya sa yara suka kalli babba yana dukan wata ƴar tsana. Da aka bar su da ita, sai suka riƙa dukanta yadda suka gani. A 1963 ya nuna wa wasu dukan a fim, su ma suka kwaikwaya.

Wani zai ce ai tarihinmu cike yake da yaƙi, kuma mu da kanmu muke kai yara filin kokowa. Wannan magana tana da nauyi. Amma ranar Uhudu, Manzon Allah (SAW) mayar da Abdullahi ɗan Umar ya yi, yana ɗan shekara 14. Sai a Handak ya karɓe shi. Kokowa kuwa, alƙali na tsaye, wanda aka kayar tashi yake ya karkaɗe rairayi ya tafi gida. A fim ana kashe mutum goma kafin a gama tuwon dare. Ba a nuna masu yi musu wanka, ba a nuna marayunsu, kuma makashin ne gwarzo. Yau da gobe, firgita da ganin jini takan fita daga zuciyar yaro, alhali ita ce katangar farko tsakanin mutum da zub da jini.

Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta sanar da mu za a yi tambaya kan ji da gani. Yaro kuwa an ɗauke masa alƙalami har ya balaga. Tambayar idonsa tana kan wanda ya kafa parabol bisa soro, ya biya kuɗin tashoshi, ya tafi hira sai tsakar dare. Da yawanmu muna cikin wannan sahu, har mai wannan rubutu.

Kashe akwatin kaɗai ba ya isa, domin yaro zai tsallaka gidan maƙwabci, ko ya leƙa salular yayansa. Sai uba ya zauna tare da shi, ya san abin da ake nunawa bayan Isha'i, ya yi magana da maƙwabcin. In an harbe wani a fim, ya tambayi yaron: wannan da ya faɗi, wa zai je ya gaya wa uwarsa?