Taɓin Hankali Jarrabawa Ce, Ba Abin Kunya Ba

 

Dukanmu muna tuna daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji. Bayan kwana shida aka sako yara 344, aka yi hamdala, duniya ta juya ga wani labarin. To amma wa ya koma ya tambayi yadda yaran nan ke barci? Ko uwar da ta yi kwana shida ba ta runtsa ba?

A ƙauyukan Faskari da Sabuwa, matan da aka kashe mazajensu a gabansu, da waɗanda suka baro gida da gona, sun fito da wani ciwo da ido ba ya gani. Likitoci sun san shi. Yaro ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ya firgita da ƙarar babur. Matashi ya nemi mantuwa wajen ƙwaya. Mai jego ta ƙi shayar da jinjirinta, kuka kawai, dangin miji su ce sangarta ce. Tsohuwa ta ruɗe ta manta sunan jikokinta, sai a fara raɗa cewa mayya ce. Subhanallah!

Wasu kan ce ƙarancin imani ne. Wannan magana ba ta da tushe. Annabi Yakubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Nana Maryam, cikin zafin naƙuda ita kaɗai, ta yi burin da ma ta mutu kafin ranar, kuma Allah bai zarge ta ba, lallashinta aka yi, aka ba ta ci da sha. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, har yau shekarar baƙin ciki ake kiranta. Wa ya fi waɗannan imani? Shari'a ma ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Allah bai kama shi da laifi ba, mu kuma mu ɗaure shi a turu? A 2019 an fito da mutane cikin mari daga wani gidan horo a Daura, kuma da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu.

Ruƙiyya gaskiya ce, a yi ta. Amma Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, ɗaya ba ya hana ɗaya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato. Tun 2023 akwai sabuwar doka da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, tana kare mutuncin majinyaci.

Sai batun aure, inda mu iyaye mata muka fi laifi. Ana ɓoye lalurar yarinya, a tsayar mata da magani kada ango ya gani, ciwo ya tashi a ɗakin miji, saki ya biyo baya. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa taɓin hankali cikin abin da dole a bayyana kafin a ɗaura. Ki faɗa, ki nuna katin asibiti. Kuma duk wadda ta ji 'yar uwa na cewa ta gaji da rayuwa, kada ta ce mata "yi istigfari" ta wuce. Ta zauna da ita, ta kawar da fiya-fiya da maganin ƙwari daga ɗakin, a kai ta asibiti a ranar.