Waƙar Lamek da Waƙar Tuba

Karatu: Farawa 4:23-24, Zabura 106:34-39.

Ran Lahadi bayan sujada wata uwa ta tsaida ni a ƙofar majami'a, ranta a ɓace. Ɗanta, mai dako a tashar Unguwa Uku, ya koyo wata waƙa ta matsafa da yankan kai da rantsuwar ƙungiyar asiri, yana rera ta dare da rana. Ta ce, "Pasto, in fasa wayar ne?" Na ce, "Dakata tukuna, Mama, a kawo in ji."

Gama ba ambaton jini ne ke ƙazantar da waƙa ba. Da haka ne, da mun yage Zabura 106, wadda ta faɗa a fili yadda Isra'ila suka yanka 'ya'yansu maza da mata ga gumakan Kan'ana. Amma ku duba aya ta 6. Kafin mawaƙin ya nuna kowa da yatsa, ya sa kansa cikin masu laifi tare da kakanninsa. Kuka yake yi.

Lamek fa? Wanda ya taɓa jin kirarin 'yan tauri zai gane muryarsa nan da nan. Ya kira matansa biyu, Ada da Zilla, domin su ji ya kashe mutum saboda rauni kaɗai, yana fahariya cewa ramuwarsa ta ɗara ta Kayinu, sau saba'in da bakwai. Ko ɗigon hawaye babu. Jini ɗaya ne cikin waƙoƙin nan biyu, zuciya ce dabam.

Mu mutanen Kano ba baƙin wannan magana ba ne. Cikin Disamba 1980 Muhammadu Marwa, wanda ake kira Maitatsine, ya tada fitina daga 'Yan Awaki, mutum fiye da 4,000 suka hallaka. Malaman Musulunci na birnin nan sun ƙi koyarwarsa. Yawancin mabiyansa kuwa samari ne matalauta da suka shigo daga ƙauyuka, tsaran yaron nan mai dako. A ganina ya kamata a waƙe irin wannan abu, domin yaranmu su san yadda ake ruɗin mutum. Sai dai a tambaya: mawaƙin yana zaune wurin makoki ne, ko kuwa yana wasa wuƙa?

Na saurari waƙar sau uku. Baitocin farko suna makokin yarinyar da aka yanka, har suka taɓa ni ƙwarai. Amma amshin yana yabon motar wanda ya yanka ta, amshi kuwa shi ne ke zama a bakin yaro.

Ba a fasa wayar ba. Yaron zai zo wurina ran Laraba da yamma, mu karanta Matta 18:21-22, inda Yesu ya ɗauki irin lissafin Lamek ya maida shi lissafin gafara.