Agogon Tukunyar Ƙasa da Maganar Sababi

A samu guntun jan ƙarfe da ƙusa mai rufin tutiya, a soka su cikin tukunyar jiƙaƙƙiyar ƙasa, a ɗaura wa kowanne waya. Wutar da za su bayar ba ta kai bolt ɗaya ba, amma in aka jona tukwane biyu ko uku, ƙaramin agogon lambobi zai tashi. Wani mutumin Sikotlan, Alexander Bain, ya tafiyar da agogo da ƙarafan da ya binne a ƙasa tun wajen 1841. Mai kallo zai rantse ƙasa ce ke ba da wutar, alhali tutiyar ce ke cinyewa a hankali tana sakin ƙwayoyin lantarki, su bi waya, su ratsa agogon, su isa jan ƙarfe, danshi da gishirin ƙasa kuma su cike zagayen. Shi ya sa busasshen yashin Tanut ko Belbeji da rani ba zai motsa komai ba sai an yayyafa masa ruwa. In an jiƙa ɗan gishirin Bilma a ciki, irin wanda ayarin raƙuma ya daɗe yana musanyawa da geron Damargu, wutar ta fi gudu.

Wani zai ce wannan bayani ya cire hannun Allah daga al'amarin, tunda an danganta komai ga tutiya da ruwa. Malaman tauhidi sun daɗe da warware wannan. Imam Ghazali ya tattauna shi a kan wuta da auduga, Shaihu Sanusi na Tilimsan kuma, wanda almajiran ƙasar Hausa ke karanta littafinsa Ummul Barahin, ya raba hukuncin hankali da hukuncin al'ada. Haɗuwar tutiya da danshi ta haifar da lantarki al'ada ce da Allah Ya gudanar, tasirin na Allah ne. Wanda ya gano tsarin bai ƙirƙiri komai ba, ya dai karanta abin da aka shimfiɗa.

Wani kuma zai juyo ta ɗaya gefen ya ce, tunda Allah ke yi, mene ne amfanin bincike? Tukunyar da kanta ta amsa masa. In an soka ƙusa biyu iri ɗaya, agogo ba zai tashi ba, ko a hannun wa, domin Allah Ya ga dama Ya ɗaura abin a kan bambancin ƙarafan biyu. Manomin Damargu ya san haka a gonarsa: yana roƙon ruwa, kuma ba ya shuka gero a busasshiyar ƙasa ya zauna jiran zangarniya, sai in binne ya yi yana sauraron damina.

Wannan batir na tukunya ba zai yi cajin waya ba, kada a yaudari kowa. Amfaninsa na koyarwa ne. Malaman boko da na allo a Damargu, ku ajiye tukwane biyu ko uku a jone gaban yara, ku bar su su jiƙa ƙasar da hannunsu su ga lambobin sun bayyana.