Ilimin da bai isa gona ba, wa za a tambaya?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ga wata tambaya, 'yan uwa. Magidanci ya sayo kwanon wake a kasuwa, uwargida ta dafa, yara suka ci, kafin la'asar an kwashe su zuwa asibiti suna amai. Da aka bincika, ashe wanda ya adana waken ya yayyafa masa fiya-fiya ne don kada ƙwaro ya ci. Ranar gobe ƙiyama wa za a tambaya?

Kowa zai ce mai waken. Gaskiya ne, kuma zan zo kansa. Amma akwai wani mutum da ba a cika ambatonsa a wannan shari'ar ba: wanda ya san yadda ake adana wake ba tare da guba ba, ya yi digiri a kai, ana biyansa albashi daga dukiyar al'umma saboda wannan sanin, amma sanin bai taɓa fita daga harabar jami'a ba. Shi fa, ya kuɓuta?

Mu fara da abin da malamai suka ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, a farkon littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, ya haɗa da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa. Har ma ya yi kukan cewa garuruwa sun cika da masana fiƙihu masu zurfafa jayayya, alhali babu likita Musulmi ko ɗaya. Mu ɗalibai mun haddace ma'anar farilla ta kifaya: idan wasu suka yi, ta faɗi a kan saura. To amma akwai abin da muke tsallakewa. Kalmar kifaya a Larabci ma'anarta isarwa, wato wadatarwa. Farillar tana faɗuwa ne idan buƙatar ta biya. Idan aka yi rasuwa a unguwa, kasancewar akwai mutum goma da suka iya wankan gawa bai sauke wa kowa nauyi ba, sai an yi wankan. Haka ilimin noma. A ce muna da farfesoshi ɗari a fannin ƙwari da magunguna, matuƙar mai feshi a ƙauye yana busa bakin injin feshinsa da bakinsa idan ya toshe, to wajibin yana nan a wuyanmu.

Akwai hadisi sananne a Abu Dawuda da Tirmizi da ke gargaɗin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye da linzamin wuta. Masu sharhi da yawa sun ɗauke shi a kan ilimin addini wanda mai tambaya yake buƙata, kuma ba zan jawo shi da ƙarfi in ɗora a kan malaman jami'a ba. Ba ma sai na yi haka ba. Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, kuma ƙa'idar kawar da cuta kowane ɗalibin fiƙihu ya san ta. Wanda ya ga makaho zai faɗa rijiya ya yi shiru, babu mazhabar da ta wanke shi.

Ku duba Annabi Yusuf alaihis salam. An zo masa da mafarkin sarki yana kurkuku, zalunci aka yi masa, amma bai ce sai an sake shi zai yi magana ba. Kuma bai tsaya a fassara ba. Ya ƙara da shawarar noma da ajiya: a yi shuka shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci. Masu tafsiri sun ce hikimar ita ce hatsi ya fi daɗewa a zangarniya ba tare da ƙwaro ya ɓata shi ba. Kakanninmu da suke zuba damman gero da dawa a rumbu ba tare da sun sussuke ba, abin da suke yi ke nan. Annabin Allah ne fa, ya koyar da yadda ake ajiyar hatsi, kuma Allah ya sa mana wannan a Littafinsa muna karantawa a salla.

Kada a ce na yi rashin adalci. Ba a ce ba a yi komai ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta faro tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin masara da dawa da wake da gyaɗa da yawa da manomanmu suke shukawa daga can suka fito, shi ya sa sunayensu suke farawa da SAM. A jami'ar dai akwai NAERLS, wadda aikinta ke nan kacokan: ɗaukar sakamakon bincike a kai wa manomi, ta ƙasidu da rediyo da horar da malaman gona. Jami'ar Bayero a Kano ita ma tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara manyan shirye-shiryen bunƙasa noma a Funtuwa da Gusau da Gombe, dattawa kuma za su gaya maka akwai lokacin da malamin gona yake zuwa gari a kan babur, an san ranarsa. Yau ka shiga ƙauye ka tambayi matashin manomi yaushe rabonsa da ganin malamin gona. Wanda ya maye gurbinsa shi ne mai shagon magani a kasuwar mako, wanda cinikinsa yake ƙaruwa gwargwadon yawan kwalaben da ka saya. Ban ce duk macuta ba ne, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma ba a ba kura ajiyar nama.

Wani misali daga nesa da ya shafe mu kai tsaye. A Amurka an yi doka a 1862 da ta kafa jami'o'in koyar da noma da sana'o'i a jihohi, aka ƙara wata a 1914 da ta ɗora musu kai ilimin ga manoma har inda suke. Ɗaya daga cikin waɗannan jami'o'in, Purdue, ita ce ta fito da buhun PICS tare da masu bincike na Afirka, aikin da ya samo asali a arewacin Kamaru. Buhu ne mai gida uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ka busar da wakenka sosai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowane gida daban. Ƙwaron da ke ciki zai cinye ɗan iskar da ta rage ya mutu, ba ɗigon magani. Abin da ya sa buhun ya yaɗu a Nijar da Najeriya shi ne an bi ƙauye-ƙauye, an ɗaure buhu a gaban jama'a, an dawo bayan watanni an kwance a gabansu, kowa ya sa hannu ya taɓa waken. Gani ya kori ji. Mutanen da ba su karanta Suratu Yusuf ba sun yi aiki da darasinta, mu kuwa muna ta muhawara a kan ko ilimin boko yana da lada.

Yanzu bari in dawo kan manomi, don shi ma yana da nasa kason. Ɗan uwana, maganin feshi guba ne, kuma da yawansa yana shiga jiki ta fata, ba sai an sha ba. Ka goya injin yana yoyo a bayanka, ba riga, ba takalmi, ba safar hannu, ba takunkumi, rana ta take, iska tana dawo maka da feshin a fuska, ka gama ka zauna ka ci goro ba ka wanke hannu ba. Idan an yi maka magana ka ce kwana ne, idan bai ƙare ba ba abin da zai faru. Wallahi wannan ba tawakkali ba ne. Sahabin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ɗaurewa aka umarce shi da yi tukuna. Jikinka amana ne, ba naka ba ne. A ƙasan takardar kowace kwalba ta gaskiya akwai layi mai launi, ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Akwai kuma adadin kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a ɗebi amfani. Wanda ya fesa wa tumatir ko salak magani yau ya kai kasuwa gobe, ya ciyar da Musulmi abin da ba zai yarda ɗansa ya ci ba. Kwalba ko jarkar da ta ƙare ba ta zama ta ruwan sha ko ta mai, kome wankin da aka yi mata. Ƙwayar nan ta hayaƙi da ake sa wa hatsi ba a ajiye buhunta a ɗakin da mutane suke kwana. Kuma idan wani ya fara zubar da yawu da gumi da amai bayan feshi, madara da manja ba magani ba ne. A cire masa kayan, a wanke jikin da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu.

Shi kuwa ɗan kasuwar da ya san abin da yake zubawa a wake, hukuncinsa a fili yake. A Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ƙirga ɓoye wannan a matsayin algus, ya barranta daga mai yinsa. Danshin ruwan sama ke nan fa. Ina ga guba? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan maganin da aka samu a ciki. Su sun auna sun ƙi. Abin da suka ƙi, su wa suke cinye shi?

Haka batun ƙasa da ruwa. Wanda yake wanke injin feshi a rafin da gari yake sha, da wanda yake zuba guba a kududdufi don kifi ya taso, sun cuci mutane da dabbobi da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A nan kuma malamin jami'a yake buƙatar tawali'u, don ilimin ba ta gefe ɗaya yake gudana ba. Tsohon manomi ya san gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma geron da ke gindinsa ya fi kyau, tun kafin a rubuta haka a littafi. A yankin Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon itatuwa a gona suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa, kuma miliyoyin bishiyoyi suka dawo ba tare da an dasa su ba. Idan har Manzon Allah (SAW) ya mayar da sha'anin barbarar dabino ga manoman Madina saboda sun fi sanin sana'arsu, to dakta bai fi ƙarfin ya zauna a kan tabarma ya saurara ba.

Wani zai ce, Malam, gwamnati ba ta ba da kuɗin mota da mai, ya za su yi? Uzuri ne na gaske, kuma kaso mafi girma yana kan masu riƙe da kasafi. Amma fassara ƙasida ɗaya zuwa Hausa ko ajami ba ta buƙatar kasafi. Saƙon murya na minti uku a WhatsApp ba ya buƙatar mota. Ɗalibin aikin gona da ya zo hutu garinsu ƙafarsa ta ishe shi.

Mu limamai kuma muna riƙe da abin da jami'a ba ta da shi: kowace Juma'a manoman gari gaba ɗaya suna zaune a gabanmu, ba tare da an ba su kuɗin zama ba. Ban ce liman ya koma ba da fatawa a kan ma'aunin magani ba, wannan ba fanninmu ba ne, kuma kuskure a ciki rai yake ci. Amma liman zai iya gayyato masanin, ya ba shi lasifika bayan sallama, ya gaya wa jama'a cewa sauraron wannan bawan Allah yana cikin addini. Idan a cikin masu karanta wannan akwai malamin gona ko ɗalibin fannin, ya je ya samu limamin unguwarsu kafin a fara zuba wake a buhu. Ya tafi da buhun PICS guda ɗaya da kwalbar magani da ba a buɗe ba, don ya nuna wa mutane inda launin yake da inda aka rubuta kwanakin jira.

Wallahu a'alam.