Gwani Ƙirƙira Yake Yi ko Ganowa?

Masu rubuta manhajar kwamfuta sukan ɗauka cewa kayan aikinsu daga kansu ya fito tsaf, yadda suka zana shi tun farko. Tarihin kayan bai goyi bayansu ba. A 1964 Douglas McIlroy, na cibiyar binciken Bell a Amurka, ya ba da shawarar a riƙa haɗa manhajoji baki da baki, abin da wannan ta fitar ya zuba cikin waccan. Shekara tara shawarar tana kwance, sai a 1973 abokin aikinsa Ken Thompson ya saka ta cikin tsarin sarrafa kwamfuta na Unix a dare ɗaya. Da suka fara aiki da ita, sai suka ga tsofaffin manhajojinsu ba su shiga layi ba, dole aka gyara su: kowace ta riƙe aiki guda, ta karɓa, ta miƙa gaba. Ƙa'idar da ake karantar da ɗalibai yau da sunan falsafar Unix a nan aka tsince ta, bayan kayan aikin ya riga ya samu.

A ganina, gwani yana gano tsarin da Allah Ya riga Ya shimfiɗa ne, kuma manomin rani ya fi kowa fahimtar wannan. Ruwan madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana bi ta Ruwan Kanya har gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa ba tare da injin turi ba. Injiniya ya auna ya haƙa, amma gangaren tarar da shi ya yi.

Wani zai ce ai Microsoft ta fito da PowerShell a 2006, inda manhajoji ke miƙa wa juna bayanai a tsare maimakon tsuran rubutu, don haka zaɓin mutum ne kawai. Zaɓi kam akwai, domin ana iya haƙa hanyar ruwa ta wurare da dama, sai dai babu wadda za ta hau tudu. PowerShell ta sauya abin da ke gudana, ta bar haɗin yadda ta same shi. Wani kuma zai ji tsoron an rage wa gwani daraja. Ban ga ragi ba. Shawarar 1964 ta kasa motsi har sai da aka yi ta kankare mata ƙari, kuma alamar da aka fara sa mata ma an sauya ta da tsayayyen layi guda, wanda masu aiki da Linux, wani tsari irin na Unix, ke bugawa har yau.