Tsaron Gida Ba Ya Warware Tawakkali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, idan aka yi zancen ɓarayi akan ji maganganu iri biyu a bakin jama'a. Wani ya ce ai Allah ne Mai tsarewa, sa'an nan ya je ya kwanta alhali sakatar zaurensa ta karye tun bara bai gyara ba. Wani kuma ya ce tsaron gida sai masu hali, waɗanda za su iya ɗaukar maigadi. Duka biyun kuskure ne.

Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah, ko kuwa ya sake ta ya dogara. Sai Annabi ya umarce shi da ya ɗaure ta, kuma ya dogara. Shi kansa Shugaban masu tawakkali ya sa sulke biyu ranar Uhudu, kuma a shekara ta 5 bayan Hijira ya karɓi shawarar Salmanul Farisi aka haƙa gwalalo don kare Madina. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi umarnin a rufe ƙofofi da dare tare da ambaton sunan Allah, a rufe ƙwarya, a kashe fitila. Ashe kenan sa sakata sunna ce.

Malaman fiƙihu ma sun gina hukunci a kan wannan. A mazhabar Malikiyya ba a yanke hannun ɓarawo sai abin da ya sata ya kai rubu'in dinari ko dirhami 3, kuma ya fitar da shi daga ma'ajiyarsa, wadda ake kira hirzi. Wato shari'a ta bambanta dukiyar da aka killace da wadda aka yasar.

To, yaya talaka zai tsare gidansa ba tare da ya ci bashi ba? Da farko ya zaga gidan da rana, ya dube shi da idon ɓarawo. Inda katanga ta zube a damina ya tayar da ita kafin ya sayi komai. Itacen da reshensa ya tsallako daga waje ya sassabe shi, tsani da turmi da ganga kada su kwana a jikin bango. Na biyu ƙofa. Sau da yawa kwaɗo yana da ƙarfi amma marfin da aka maƙala shi ya ruɓe, saboda haka a kira kafinta ya sake ƙusoshi, maƙeri ko mai walda ya yi sakata biyu ta ciki, sama da ƙasa. Na uku haske, gama ɓarawo abokin duhu ne. Yanzu akwai ƙananan fitilu masu caji da hasken rana, wasunsu ba sa kamawa sai sun ji motsi. Guda a ƙofar gida, guda a bayan gida sun wadatar, ko da an ɗauke wuta. Na huɗu ƙara. Wanda bai iya sayen ƙararrawa mai batir ba, gwangwanaye da tsakuwa a ciki, an rataye su a igiya bayan ƙofa, suna tada mai barci. A ajiye usur da tocila kusa da shimfiɗa.

Amma mafi ƙarfin katanga shi ne maƙwabci. Mutanen layi ɗaya su san lambobin wayar juna, su yi alkawarin cewa duk wanda ya busa usur za a fito tare, kuma mai tafiya ya bar wa maƙwabcinsa amanar gida.

Game da kare kuwa, asali a Malikiyya ba a ajiye shi sai don farauta ko tsaron dabbobi ko gona. Sai dai masu sharhin Risala sun kawo cewa marubucinta, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya ajiye kare lokacin da bangon gidansa ya faɗi, kuma da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki ma zai ajiye. Saboda haka malamai da dama suka yi rangwame idan akwai larura.

Sai a kiyaye iyakoki uku. Kada a jona wutar lantarki a waya ko ƙofa, domin yaro ko baƙo na iya taɓawa, kuma rai ya fi dukiya. Wanda ya sa ƙarafa a tagogi ya bar hanyar fita saboda gobara, kuma kowane babba a gidan ya san inda makulli yake. Wanda ya sa na'urar ɗaukar hoto kada ya juya ta cikin gidan maƙwabci, gama aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana leƙen asirin mutane. Idan kuma an kama ɓarawo a miƙa shi ga hukuma. Taron jama'a ba alƙali ba ne, kuma an sha kashe marar laifi da ihun ɓarawo.

Bayan an sa sakata, sai mai gida ya karanta Ayatul Kursiyyu, wadda hadisin Abu Huraira a Buhari ya tabbatar tana jawo kariyar Allah har wayewar gari, ya ƙara da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Hannu ya yi nasa, zuciya kuwa ta rataya ga Ubangiji.

Allah Ya tsare gidajen Musulmi da maƙwabtansu, Ya shiryi masu ɗaukar abin da ba nasu ba. Amin.